Firam ɗin Farko da Na Haɗa Ba Cikon Garin Katako

Assalamu alaikum jama'ar Zazzau, na Sabon Gari, na Tudun Wada, har da ku 'yan Samaru da ba a ganinku cikin gari sai ranar hawan sallah. Ku matso kusa da wayoyinku ku dubi wannan kusurwar. Bari in ɗaga shi saitin fitila. Kun ga haske yana ratsawa? Babu. Ga ta biyu. Ga ta uku, ga ta huɗu. Ko gashi ba zai shiga ba. Firam ɗin hoto ne kawai, na sani, amma wallahi tun ɗazu nake jujjuya shi ni kaɗai a gareji a nan Amurka ina dariya, har uwargida ta leƙo ta ce ko lafiya.

Duk wanda ya yi yaron shago a wajen kafinta ya san abin da nake nufi. Lokacin da nake wajen ogana a Sabon Gari, idan aka haɗa firam ko bakin ƙofar wadrob kusurwa ta buɗe baki, sai a ce yaro, kawo gari da gam. A kwaɓa, a cusa, a goge da samfefa, a shafe da fenti. Mai kaya ya zo ya yi ta sa albarka. Hunturu na shigowa cikon ya tsage, ya dawo yana faɗa. To yau ba gari, ba ciko, kuma ga wanda ya yi aikin.

Gejin kwana ne, wato ƙarfen da ake saita digirin yanka da shi a tura katako zuwa ga zarto, na kamfanin Incra, 'yan Texas, samfurin V27. Dala 80 da 'yan kai na saye shi. Injin sakula ɗin kansa mai tebur ne, tsoho na saya, dala 300 na karɓe shi wajen wani dattijo da na samu a Facebook, har ya taya ni ɗorawa a mota. Da gejinsa ya zo, ga shi can na wurga bayan katako. Idan ka sa shi a kwaroron teburin, wato dogon ramin da gejin ke gudu a ciki, sai ya riƙa karkarwa kamar ƙofar tsohuwar bas ɗin Kwangila. Ka saita 45, kafin katako ya kai ga faifan zarto ya zama 44 ko 46, duk yadda hannunka ya karkata. Wani zai ce rabin digiri me zai yi? Firam yanka takwas ne. Rabin digiri sau takwas digiri 4 kenan, kuma duk a kusurwar ƙarshe za su taru su jira ka.

Shi wannan kuwa, ku dubi farantin nan mai haƙora. Gurbi 27 ne, shi ya sa sunan. Kowane digiri 5 akwai gurbi, har zuwa 60 hagu da dama, sannan aka ƙara na 22.5 a kowane gefe saboda masu yin abu mai gefe takwas. Harshen ƙarfen nan na faɗawa gurbi, ka ji ƙas, magana ta ƙare. Ba sai ka ƙanƙance ido kana neman layi ba.

Amma abin da ya fi burge ni yana ƙasa, a jikin sandar da ke gudu cikin kwaroro. Kun ga waɗannan fararen wasoshin roba? Idan ka juya sukurun da alanki sai washar ta buɗe, ta cike ɗan ratar da ke tsakanin sanda da bangon kwaroro. Kaɗan-kaɗan ake yi. Ka juya, ka tura sandar daga farko zuwa ƙarshe, ka girgiza ta. In ka matse da yawa za ta cije a tsakiya, domin tsohon inji kwaroronsa ba ya cinyewa daidai, inda aka fi gogawa ya fi faɗi. Abin da ake nema ta riƙa sulalewa da yatsa ɗaya amma ba ta motsi gefe. Na ɗan goga kyandir a ciki, sai ga ta tana tafiya lumui.

To fa, a nan ne zan ja kunnenku, musamman kai Yaya, da ka ce in sako maka irinsa a jaka idan zan zo. Jaka ba matsala, kilo 23 ake ba mu, shi kuma bai da nauyin kirki. Matsalar kwaroro ce. Waɗannan gejin an yi su ne don kwaroron Amurka, faɗi inci 3/4, zurfi inci 3/8, wato kusan milimita 19 da 9.5. Ƙananan injinan nan masu araha da yawa nasu inci 5/8 ne, kusan milimita 16, wasu ma da 'yan kunnuwa a bakin kwaroron. Sanda mai 19 ba za ta shiga ramin 16 ba ko ka kira duk 'yan unguwa su danna. Akwai kuma wata 'yar washar ƙarfe a can ƙarshen sandar, ta masu kwaroron da ke da ɗan lungu a ƙasa, don kada gejin ya faɗo idan ka jawo shi baya. In naka ba shi da lungun, kwance ta ka ajiye.

Ni abin da ma na tuna, injinan da ke 'yan katako a gida yawanci ƙirar masu walda ne: faranti, shaf, moto, bel. Ƙarfi kam, za su tsaga madaci da doka tun safe har magariba, injina na nan ko kusa. Amma kwaroro babu shi gaba ɗaya, don ba a yi su domin yankan kwana ba. Mai irin wannan sai dai ya ɗaure falankin ƙarfe biyu a kan tebur da tazarar 19, ya ɗaga sauran teburin da filawud ya zo daidai da su. Kada wani ya ce zai feƙe sandar da katako ya huta. A Zariya? Watan Agusta ta kumbura ta cije, watan Janairu ta bushe ta koma rawa.

Sai abu na gaba, wanda ba geji ne zai gyara maka ba. Dole faifan zarto ya yi layi ɗaya da kwaroro. Cire wuta tukuna, ka zare filogi da hannunka, ba wai ka dogara da an ɗauke NEPA ba, don kun san halinta, sai hannunka na ciki za ta dawo. Ka sa wa haƙori ɗaya alama da maka, ka auna daga shi zuwa kwaroro ta gaba, ka juyo da wannan haƙorin dai zuwa baya ka sake aunawa. In bambancin ya wuce kaurin takarda, katako zai riƙa ƙonewa a gefe, yankan kuma ya karkace. A irin injina, notin da ke riƙe da kan zarto a ƙarƙashin tebur ake sassautawa a ɗan bubbuga. A manyan, teburin kansa ake gusarwa.

Bayan nan ne za ka sa sukwaya ka daidaita 90, kuma a jikin faifan za ka jingina ta, ba a kan haƙora ba. Gwajin da na fi yarda da shi shi ne ka yanka katako biyu, ka kifar da ɗaya, ka haɗa bakinsu a kan tebur. In akwai kuskure zai ninka, ido zai gani. Shi V27 ba ya zuwa da doguwar katanga, sai na ɗaura masa wannan katakon, na manna samfefa a fuskarsa don kada aiki ya zame lokacin yankan 45.

Wani lokaci idan ina irin wannan aune-aunen sai in tuna tsohon masallacin Juma'a na cikin gari, wanda Babban Gwani ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu. Ƙasa da azara, ba geji ba inji, ga bakan gizo a tsaye, Turawa na zuwa suna ɗaukar hoto suna rubuta littattafai a kai. Abokan aikina a nan na nuna musu hoton a waya, suka yi shiru. Hannu muna da shi. A ba kafintan Tudun Wada kayan da ke cikin garejin ɗan fanshon jihar Ohayo ɗaya, a ga aiki. Su a nan katakon ma ba ƙamshi. Ni ƙamshin madaci idan ana fere shi, da shayin bakin shago da safe, su nake kewa, ba wannan sanyin da sai na kunna hita kafin yatsuna su riƙe alanki ba.

Gargaɗi ɗaya, don Allah ku ji shi. Kada ku haɗa gejin kwana da katangar tsaga, wato katangar injin da ake jingina katako idan za a tsaga shi a tsawonsa, a yanka ɗaya, wai don tsawo ya zo daidai. Guntun da ya fita zai maƙale tsakanin katanga da zarto, faifan inci 10 kuwa bakinsa na gudun da ya haura kilomita 160 a awa. Harbo shi zai yi, saitin cikinka. In kana son tsawo iri ɗaya, ɗaure ɗan guntun katako a jikin katangar can kafin a kai ga zarto, ka jingina aikinka da shi, yana wucewa ya samu sarari.

Akwai injin da ake ji da shi a nan, SawStop, wanda wani Steve Gass ya ƙirƙiro a 1999. Yana jin fatar mutum ya tsaya cak kafin ƙiftawar ido, da tsiran naman nan nasu suke gwada shi. Masu shi su ma sai sun kula, don in katangar alminiyon ta geji ta taɓa zarto birkin zai tashi, an yi asarar birki da faifai. Ɗanyen katako ma kan tayar da shi, to ku tuna irin wanda ake sauke mana daga kudu yana ɗigar ruwa. Kuɗinsa kuwa, bar shi kawai.

Masu ce min in turo inji gaba ɗaya ta kwantena, ku yi haƙuri. Wutar nan bolt 120 ce, tamu 230, ga bambancin saurin kaɗawar wutar, 60 a nan 50 a gida, da ke sa moto ya rage gudu ko da ka sa taransifoma. Geji ne ba ruwansa da wuta.

Saboda haka Yaya, gobe in Allah ya kai mu ka aiki yaro wajen masu gyaran inji ya aro maka kalifa, ma'aunin ƙarfen nan mai baki biyu, kada ka auna da tef. Faɗi da zurfi, a gaba, a tsakiya, a baya. Ka ɗauki hoton kwaroron ta gefe ka turo min ta WhatsApp. In 19 ne, na saya. In 16 ne, kuɗin na yara ne, takalma zan sayo musu. A gaishe min da Inna.