Ƙwayar ƙarin jini da shayi ba su tafiya tare

Wani saƙo na ta yawo a WhatsApp: wai ƙwayar ƙarin jini ba ta aiki, an sha wata guda amma jiri na nan. Ƙwayar nan sinadarin ƙarfe ne a cikinta, wanda jiki ke bukata don yin jini.

Ga saurayi, ga budurwa, duka ƴan Tawa, tuwo ɗaya suke ci. Shi miligiram 8 na sinadarin ƙarfe ya ishe shi a rana. Ita 18 take bukata, domin kowane wata al'ada na tafiya da jini, ƙarfe kuma na bin jinin; in da ciki kuwa 27. A awon jini na likita, namiji in ya gaza 13 an ce jininsa ya ragu, mace kuwa 12.

To, ga inda ake kuskure. Ku kalli wannan butar a kan gawayi. Ganyen shayi na da wani sinadari mai ɗanɗanon bauri. Yana haɗuwa da ƙarfe a cikin hanji, sai ya ɗaure shi, jiki ya kasa tsotsewa, ya wuce bayan gida. An sha magani, an kora da kofin farko mai ɗaci, an bi da na biyu da na uku. Ƙanwata, kuɗinki ne ke zubewa. Gahawa ma haka take, nono da madara su ma suna tare hanya, don haka fura ta ɗan jira.

Ba mu ce a bar shayi ba, wa zai iya raba Ba'adare da butarsa? Tazara kawai: awa biyu tsakanin ƙwaya da shayi. Ki sha ta da ruwa, in da lemun tsami ki matsa, yana taimaka wa hanji ya ja ƙarfen. A cikin kwano kuma hanta, nama, wake, zogale.

Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba komai ba ne. Jiri ya tafi? Kar ki daina. Jiki na da rumbun ƙarfe, cika shi na ɗaukar kamar wata uku bayan jini ya daidaita.

Samari, ku naku daban ne. Namiji ba ya al'ada, in jininsa ya ragu a nemo ta inda yake fita: tsutsar ciki, tsargiya, gyambon ciki. Mai sikila kuma kada ya taɓa ƙwayar nan sai an yi awo, likita ya ce.