Lasisin Aikin Kai a Ƙasar Waje: Takardun da Ake Nema da Inda Ake Tuntuɓe

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa.

Mai fassara, ko mai rubuta manhaja, ko mai gyaran bidiyo, wanda ke karɓar aiki daga hannun mutane daban-daban ba tare da yana cin albashin kowa ba, shi ake kira firilansa, wato mai aikin kansa. Muddin yana zaune a ƙasarsa, dokar ƙasarsa ce ke kansa. Ranar da ya ɗauki kwamfutarsa ya tsallaka iyaka da niyyar zama, sai lissafin ya sauya, domin abin da mutane ke kira "lasisi" a can ba takarda ɗaya ba ce. Takardu uku ne, daga ofisoshi uku da ba ruwan wani da wani. Akwai izinin zama da yin aiki, wanda hukumar shige da fice ke bayarwa. Akwai rajistar sana'ar kanta. Sannan akwai lambar haraji. Mutum na iya riƙe da biyu daga ciki, amma rashin ta ukun ya sa duk kuɗin da ya karɓa ya zama na aikin da doka ta haramta.

Mu fara kawar da bizar yawon buɗe ido daga hanya. Bizar Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, tana ba ka kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma ta ziyara ce. Ba a karɓar aiki da ita, kuma a ƙa'ida ba a juya ta zuwa izinin zama daga cikin ƙasa. Wanda ya shiga da ita da tunanin "in na isa zan gyara" yawanci komawa gida yake yi ya sake layi daga farko.

Kafin ka zaɓi ƙasa, amsa tambaya ɗaya: masu biyanka kuɗi a ina suke? Idan suna cikin ƙasar da za ka zauna, izinin aikin kai kake buƙata. Idan suna waje, kai zama kawai kake so, to bizar aiki daga nesa ce taka. Waɗannan biyun kamar hanjin jimina suke, akwai na ci akwai na zubarwa, ya danganta da halinka, kuma neman wadda ba ta dace da kai ba na cikin manyan dalilan da ke sa a mayar wa mutum takardunsa.

Bari mu zauna kan Jamus, domin tsarinta ya fi nuna yadda ofisoshin nan uku ke aiki.

Dokar zama ta Jamus, a sashe na 21, ta raba masu aikin kansu gida biyu. Na farko su ne Freiberufler, masu sana'ar ilimi ko fasaha: likita, lauya, injiniya, ɗan jarida, mai fassara, malami, marubuci, mai zane. Na biyu masu Gewerbe, wato kasuwanci, irin su saye da sayarwa. Ɗan kasuwa sai ya nuna cewa harkarsa za ta amfani tattalin arzikin yankin, ya yi rajista a ofishin kasuwanci, ya shiga ƙungiyar 'yan kasuwa ta dole, kuma ya biya harajin kasuwanci idan ribarsa ta wuce yuro 24,500 a shekara. Freiberufler ya tsira daga duk wannan. Amma ba kai ke zaɓa wa kanka gida ba. Ofishin haraji, wanda suke kira Finanzamt, shi ke yanke hukunci, kuma yana duba ainihin abin da kake yi, ba sunan da ka ba kanka ba. Mai zanen da ya fara buga riguna yana sayarwa ya riga ya sa ƙafa ɗaya a kasuwanci.

'Yan ƙasashe kaɗan, irin su Amurka, Kanada, Birtaniya, Japan da Ostareliya, suna iya shiga Jamus su nemi izinin daga ciki. Sauran duniya, ban da 'yan Tarayyar Turai da ba sa buƙatar izinin, sai ta ofishin jakadanci, da bizar dogon zama nau'in D, kuɗinta yuro 75. Abin da za a nema a hannunka: fasfo, tarihin aiki, shaidar karatu, samfurin ayyukan da ka yi, lissafin kuɗin da kake hasashen samu da wanda za ka kashe, shaidar ajiya a banki, inshorar lafiya, da wasiƙun masu niyyar ba ka aiki. A Balin, babban birnin Jamus, ana son aƙalla wasiƙu biyu.

Waɗannan wasiƙun su ne zuciyar fayil ɗin, kuma nan aka fi yin sakaci. Wasiƙar da ta ce "muna sha'awar yin aiki da wane nan gaba" ba ta da nauyi. Wadda ake so tana kan takarda mai tambarin kamfanin, da adireshinsa a Jamus, ta faɗi irin aikin, ta faɗi awa nawa ko wata nawa, ta faɗi kuɗin awa ɗaya ko na aikin baki ɗaya, da sa hannu. Jami'in da ke gabanka lissafi yake yi: ya tara abin da wasiƙun suka nuna, ya cire kuɗin haya, ya cire inshora, ya ga ko saura zai riƙe ka. Idan kwastomominka duka a waje suke, zai tambaye ka me ya kawo ka Jamus, kuma tambaya ce mai wuyar amsawa.

Inshorar tafiya ba ta wadatar wa izinin zama, sai cikakkiyar inshorar lafiya irin wadda dokar Jamus ta yarda da ita. Wanda ya haura shekara 45 kuma sai ya kawo shaidar tanadin tsufa. Sana'o'in da doka ta tsare, kamar likitanci da aikin lauya, sai hukumarsu ta amince da shaidarka kafin ma a fara maganar biza.

Ka isa. A cikin kwana 14 da tarewa a gida dole ka yi rajistar adireshi, wadda ake kira Anmeldung, da takardar tabbaci daga mai gidan. Shi ya sa ɗakin da mai shi ya ce "ba rajista" ba shi da amfani gare ka komai arharsa. Bayan rajistar, lambar shaidar haraji mai alƙaluma 11 za ta zo ta gidan waya. Wani ɗan ƙaramin abu a nan da ke cin mutane makonni: a Jamus da suna ake raba wasiƙa, ba da lambar ɗaki ba. Idan sunanka ba ya manne a jikin akwatin wasiƙu na ƙofar gidan, takardar komawa za ta yi, kai kuma kana zaune kana jira.

Wannan lambar ba ita ce ta sana'a ba. Ta sana'a sunanta Steuernummer, kuma ana samun ta ne ta cike takardar tambayoyi ta Finanzamt a dandalinta na intanet mai suna ELSTER, cikin wata ɗaya da fara aiki. Ita ce za ka riƙa sawa a takardar neman biyan kuɗi da kake tura wa kwastoma. A wannan takardar tambayoyin ne kuma za ka zaɓi ko za ka riƙa ɗora wa kwastoma harajin VAT, wato harajin da ake ƙarawa a kan farashi, na kashi 19 cikin 100, ko ka shiga rukunin ƙananan masu sana'a da aka yafe wa. Daga 2025, rukunin na wanda cinikinsa bai wuce yuro 25,000 a shekarar da ta gabata ba. Harajin kuɗin shiga kuma ana biyan kafin alƙalami sau huɗu a shekara, ranar 10 ga Maris, Yuni, Satumba da Disamba. Shekara ta biyu ita ce mai zafi, domin bashin shekarar farko da kafin alƙalamin ta biyu kan faɗo kusan tare. Mai hankali yana ware kusan sulusin duk abin da ya shigo, ya ajiye a wani asusu da ba ya taɓawa.

Izinin zaman na iya kaiwa shekara uku, kuma yana zuwa da wata ƙaramar takarda da ke rubuta sana'ar da aka yarje maka. Karanta ta da kyau. Idan an rubuta fassara, fassara ce kawai, kuma aikin albashi ba ya ciki sai an rubuta. Akwai kuma tarkon kwastoma ɗaya. Idan kamfani ɗaya ne ke ba ka kusan duk aikinka, shi ke tsara maka lokacin zuwa da tashi, kana amfani da kayansa, hukumar fansho na iya cewa kai ma'aikaci ne da aka saka wa rigar firilansa. Sai a bi kamfanin bashin kuɗin inshorar ma'aikata na baya, har na shekara huɗu. Wannan ne ya sa kamfanonin Jamus ke ɗari-ɗari da wanda ba shi da wasu kwastomomi.

Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta bi wata hanyar daban. A can lasisin ne ke zuwa farko, biza ta biyo baya. Ana samun izinin aikin kai daga yankunan kasuwanci na musamman, kamar shirin GoFreelance na Dubai mai kula da fannin yaɗa labarai, fasahar zamani da ilimi, ko daga ma'aikatar ƙwadago ta tarayya. Izinin yawanci na shekara ɗaya ne ana sabuntawa, da sunanka za ka yi aiki ba da sunan kamfani ba, kuma ba ka da ikon ɗaukar ma'aikata. Bayansa sai takardar shiga, gwajin jini da hoton ƙirji, ɗaukar zanen yatsa don katin shaida na ƙasar, wato Emirates ID, da inshorar lafiya. Kuɗin da ake tallatawa yawanci na izinin ne kaɗai. Biza, gwaji, kati da inshora kowanne da nasa, don haka ka nemi jimillar a rubuce kafin ka biya ko sisi, kada ka sayi kifi a ruwa.

A Oktoban 2022 ƙasar ta fito da Koriyar Biza, wato Green Visa, ta shekara biyar, wadda mutum ke tsaya wa kansa. Ana neman izinin aikin kai daga ma'aikatar, da digiri ko difloma ta ƙwarewa, da shaidar samun dirhami 360,000 a shekara cikin shekaru biyun da suka wuce, ko shaidar wadata. Maganar da ake yawan yi cewa "Dubai ba haraji" ta tsufa. Albashi ba a cire masa haraji, gaskiya ne, amma mai aikin kansa da cinikinsa ya haura dirhami 375,000 a shekara na iya faɗawa cikin rajistar VAT ta kashi 5, wanda ya haura dirhami miliyan ɗaya a shekara kuma ya shiga harajin kamfanoni na kashi 9 da aka fara a 2023. Kuma bizar zama ta gama-gari tana mutuwa idan ka yi wata shida a jere a waje.

Masu kwastomomi a waje, taku mai sauƙi ce a faɗa. Fotugal ta buɗe bizar D8 a Oktoban 2022, tana neman ninki huɗu na mafi ƙarancin albashin ƙasar, wato yuro 3,480 a wata a 2025. Sifaniya tana neman ninki biyu na nata, kuma ta yarda kashi 20 cikin 100 na aikin mai zaman kansa ya fito daga cikin ƙasar. Abin da suke so su gani shi ne kuɗi na shigowa asusu wata bayan wata, daidai da kwantiragin da ka gabatar. Kuɗin da aka zuba a dunƙule mako guda kafin ganawa, jami'ai sun san launinsa. Katin zama ɗan Estoniya ta intanet kuma, wanda aka fara a 2014, na buɗe kamfani ne da sa hannu a takardu daga nesa. Ba biza ba ne, ba ya ba ka ikon kwana ko ɗaya a Turai, duk abin da dillali zai gaya maka.

Ko'ina ka nufa, takardun gida ne suka fi cin lokaci. Shaidar karatu, takardar haihuwa da takardar 'yan sanda ta rashin laifi sai an tantance su. Idan ƙasarka da ƙasar da za ka duka suna cikin yarjejeniyar Heg ta 1961, hatimi ɗaya da ake kira afostil yawanci ya wadatar. In ba haka ba, sai takarda ta bi ta ma'aikatar harkokin wajen ƙasarka sannan ofishin jakadancin waccan ƙasar, sai kuma fassara daga mai fassarar da aka rantsar. Ka bar takardar 'yan sanda ta zama ta ƙarshe, domin ƙasashe da yawa ba sa karɓar wadda ta wuce wata uku zuwa shida, kuma tana iya mutuwa kana jiran sauran. Ka kuma jera takardunka ka duba suna harafi bayan harafi. Muhammad a fasfo, Mohammed a digiri, ya isa ya tsayar da fayil.

A yawancin ƙasashe, kwana 183 a shekara yana mayar da kai mai biyan haraji a can, wasu ma da zarar ka kama gida. Ƙasarka ta asali kuma ba lalle ta sake ka ba, sai ka duba ko akwai yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu tsakaninsu.

Ranar sabunta izini ba wasiƙar alkawari za a sake tambaya ba. A Jamus za a nemi takardar hukuncin haraji ta shekarar da ta wuce, da lissafin riba daga ƙwararren mai ba da shawara kan haraji, da takardun banki, da shaidar cewa inshora ba ta taɓa yankewa ba. Ka buɗe asusun aiki daban da na cefane tun daga kuɗin farko, ka jera takardun neman biya da lamba bi da bi ba tsallake, sannan ka shigar da buƙatar sabuntawa tun izinin na da sauran wata biyu zuwa uku, domin wanda ya nema kafin wa'adi ya cika yana ci gaba da aiki da halaccinsa har a yanke hukunci, wanda ya makara kuma ya rasa wannan kariyar.