Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Ɗakin Koyon Kwamfuta na Matasan Zango, Kumasi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki. Ranka ya daɗe, a madadin malamai da ɗaliban wannan ɗaki, da iyayenmu na Zango daga Aboabo har Asawase, muna yi maka barka da zuwa Kumasi, kai da 'yan majalisarka. Sannunku da hanya. Ƙasar nan ba baƙuwarka ba ce, domin kakanninmu fatake ne da suka taso daga ƙasar Hausa neman goro a Gwanja, wasunsu suka yada zango, aka haife mu a nan.

Ranka ya daɗe, na'urar da ke kan teburin nan an buɗe mata ciki ne don ka ga abin da 'ya'yanka ke koya. Waɗancan ƙarafa biyu masu haƙora kamar mataji, kowanne ya rufe ƙwaƙwalwa guda, wato ɓangaren da ke yi wa kwamfuta lissafi, haƙoran kuwa zafi suke kwashewa. Da can yawanci kwamfuta ƙwaƙwalwa ɗaya gare ta, masu ƙira suna ta ƙara mata gudu shekara bayan shekara, har zafi da cin wuta suka tsayar da su. Sai suka koma tara ƙwaƙwale da yawa su raba aiki. Kamfanin IBM ya fitar da POWER4 mai ƙwaƙwalwa biyu a guntu ɗaya a 2001, Intel da AMD suka biyo baya a 2005. Yau wayar da ke aljihun ɗan kasuwar Kejetia sau da yawa takwas gare ta.

Tara su ba shi ne wahala ba, haɗa kansu ne. Duk rumbun ajiya ɗaya suke ɗiba, amma kowace tana da 'yar ma'ajiyarta a kusa, inda take riƙe kwafin abin da take aiki a kai. Idan ɗaya ta sauya wani adadi, dole a sanar da sauran cewa kwafinsu ya tashi aiki. Misali, Ranka ya daɗe, asusun kuɗin waya mai sidi 100. Ƙwaƙwalwa ɗaya tana shigar da 50, ɗayar tana cire 30, a lokaci guda. Kowace ta karanta 100. Wannan ta rubuta 150, waccan ta zo ta rubuta 70 a kai. Ga sidi 50 na wata mai sayar da wake da shinkafa sun salwanta, alhali ba wanda ya sata. Shi ya sa mai rubuta manhaja ke sa kulle: wadda ta riga shiga ta gama, sannan ta biyu ta karanta. A nan ne muke daɗewa da ɗalibai, don irin wannan kuskure yakan ɓuya, ba ya bayyana sai ranar da aiki ya yi yawa, kuma haƙƙin mutane ne.

Kulle kuma yana da tsadarsa, tunda mai jira ba ya aiki. Kamar lodin goro ne a mota: ko an kawo 'yan dako hamsin, in akawu ɗaya ne ke rubuta kowane huhu, shi zai yanke saurin lodin. Masani Gene Amdahl ya bayyana wannan a 1967. In kashi 10 cikin 100 na aiki ba ya rabuwa, ko an zuba ƙwaƙwale dubu saurin ba zai wuce ninki goma ba. Don haka muke koya wa yaranmu, maza da mata, su fara gane ɓangaren aiki da ke rabuwa kafin su taɓa madannai. Mun yi imani yaron Zango da ya iya wannan zai zauna a aji ɗaya da kowa a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi, bai sunkuyar da kai ba.

Kukanmu ɗaya ne, Ranka ya daɗe: wuta. In aka ɗauke ta ana tsakiyar gwaji, aikin yini ya tafi. Muna roƙon Sarki ya sa mana baki wajen masu hali, a samu batura da faifan hasken rana.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya maishe ku gida lami lafiya. Yanzu ɗalibai biyu za su kunna na'urar, su nuna wa Sarki lissafin asusun nan, da kulle da kuma babu kulle. Bismillah, Ranka ya daɗe.