Jawabin maraba ga mai girma Kwamishina daga kwamitin masu kula da jakuna, Maigatari

Assalamu alaikum. Mai girma Kwamishina, mai girma Hakimi, shugabannin kara da dillalai, iyayenmu da 'yan uwa, sannunku da zuwa.

Ranka ya daɗe, aikinka kowa ya gani, ba sai mun tsaya lissafi ba, kuma barin Dutse da ka yi ka tako har bakin iyaka saboda jaki ya ishe mu shaida. To tun kafin mu yi nisa ga kukanmu: ruwa. Muna roƙon a haƙa mana burtsatse mai sola da kwami a garken da muke jinyar dabbobi.

Garin nan da kake ciki duk ranar Alhamis ba masaka tsinke, shanu da raƙuma da tumaki da jakuna daga Damagaram da sauran sassan Nijar, tireloli kuma suna lodi zuwa kudu, tun kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991 kasuwar nan take ci a ƙasar Gumel. Kuma kafin tirela ai jaki ne ya riƙe fataucin, shi ke kai taki gona, shi ke ɗebo ruwa da yashi, har gobe akwai gidajen da in jakinsu ya kwanta to tukunya ma ta kwanta. Auraki da duni da idabari, wato ire-iren jakunanmu, duk mun taso mun gan su jingim. Yanzu fa? Masu neman fata sun wawushe su, ana kai fatar zuwa Chana a dafa a yi magani. Nijar ta hana fitar da jakuna tun 2016, Tarayyar Afirka ma a Fabrairun 2024 a Addis Ababa ta haramta yanka su don fata, amma kullum sai ƙara tsada suke, talakan da nasa ya mutu sai dai ya rungumi hannu. Jaka kuwa sai ta kai wajen shekara da ciki sannan ta haifi ɗa guda.

Mu 'yan kwamitin nan ba mai ɗaukar albashi, akwai malamin makaranta, akwai dillali, akwai tsohon malamin dabbobi da ya yi ritaya, karo-karo muke mu sayi maganin tsutsa da na gyambo. Wanda akumari ya ci wa baya, wanda aka yasar don ya karye wajen lodi, mu ke kwasowa. Amma wallahi yallaɓai a bazara kuɗin maganin a wajen 'yan garuwa yake ƙarewa, gyambo ba ya warkewa sai da wanki, dabbar da ta sha tafiya kuma ruwa take fara nema. An sha yi mana alkawari, an zo an auna fili har an ɗauki hoto, shiru kake ji. Malamanmu kullum suna karanta mana hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa don ya shayar da kare, muna yi maka kwaɗayin wannan ladan.

Muna kuma so a riƙa turo likitan dabbobi ranar kasuwa, a sa ido kan masu cusa dabbobi a mota kamar buhuna. Amma in ɗaya za a yi bana, don Allah burtsatsen nan, filin yana nan bayan garke, takarda kuma sakatarenmu zai miƙa maka yanzu.

Allah ya ƙara girma, ya maida kai gida lafiya.