Parke mai hawa-hawa a ɗakunan Yamai: yadda yake da yadda ake shimfiɗa shi

Jama'a, ku dubi gefen fallen parke mai hawa-hawa, wato katakon da ake shimfiɗawa a ƙasan ɗaki, da kyau. Ba guda ɗaya ba ne. Na sama itace ne na gaske, kaurinsa daga milimita 2,5 zuwa 6. A ƙarƙashinsa akwai siraran falle da aka manne, kowane ya gitta ɗan'uwansa, kamar saƙar tabarma. Duka kaurin yakan kama daga milimita 10 zuwa 15. Wannan shi ne parken da masu saida kayan gini ke kira contrecollé.

Me ya sa aka gitta su? Itace yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma ta faɗi yake wannan motsi, ba ta tsawo ba. Idan aka gitta, kowane falle yana riƙe na kusa da shi. A Yamai wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da hunturu da bazara iska takan bushe har laimarta ta sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, da damina kuma, a watan Agusta, ta haura 70. Katako guda ɗaya a wannan yanayi sai ya lanƙwashe ko ya buɗe baki. Mai hawa-hawa ya fi shi haƙuri nesa ba kusa ba. Amma a sani, shi ma an yi shi ne don laima ta 40 zuwa 60, saboda haka ƴan siraran tsaga tsakanin falle a watan Maris ba aibin kaya ba ne, za su rufe idan ruwa ya sauka.

Kafin ku biya kuɗi, ko a kasuwar Katako ko a wani kanti, ku ce a nuna muku gefen falle. Akwai wanda hoton itace ne kawai aka manne bisa matsattsen garin katako, ana kiransa stratifié. Shi ba a goge shi a sabunta. Na gaske mai milimita 3 ana iya goge shi da inji sau ɗaya ko biyu, mai 4 zuwa 6 ya fi haka. Mu dai shawararmu, a ɗauki mai cikin falle-falle, ba mai cikin garin katako ba, domin garin katako idan ya sha ruwa ya kumbura, ba ya komawa.

Yawancin ɓarna daga daɓen siminti take tasowa. Sabon daɓe yana buƙatar kusan mako ɗaya ga kowane santimita na kauri kafin ya bushe, kuma zafin rana yana ruɗi: sama ta bushe, ciki da sauran ruwa. Gwajin mai sauƙi ne. A shimfiɗa leda mai faɗin mita ɗaya, a liƙe gefunanta, a bar ta kwana biyu. Idan aka ɗaga aka ga gumi ko simintin ya yi duhu, a dakata. Sannan a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe na mita 2 bisa daɓen. Inda rami ya wuce milimita 3, a cike shi, in ba haka ba parken zai riƙa ƙara duk inda aka taka. A sa maganin gara tun kafin shimfiɗa, domin gara ba ta san tsadar kaya ba, kuma ta ƙasa take zuwa.

A ajiye kwalayen parken a kwance cikin ɗakin kwana biyu zuwa uku. A ƙara kashi 10 cikin 100 bisa awon ɗaki saboda yanka: ɗaki mai mita 4 da 5 yana cin murabba'in mita 22. Idan shimfiɗar ba ta manne ba ce, leda mai kauri ta fara sauka, gefe ya hau gefe da santimita 20, sai siririn soso na milimita 2, sannan falle. Mahaɗar layi da ta layin kusa su yi nisan santimita 30 aƙalla.

Malam kafinta, ga inda ba ma son a yi ganganci: a bar tazarar milimita 8 zuwa 10 tsakanin parke da bango, ko'ina, har da bakin ƙofa da jikin ginshiƙi. Wanda ya shimfiɗa da rani ya matse shi da bango, damina na zuwa zai ga tsakiyar ɗaki ta taso kamar kabari. Katakon gindin bango ne zai rufe tazarar, kuma a bango ake kafa shi, ba a parken ba.

Uwargida kuma, rairayi shi ne abokin gaba. Yana kankare fentin sama a hankali, saboda haka a ajiye abin goge ƙafa a bakin ƙofa, a share da tsintsiya mai laushi, a goge da tsumma da aka matse sosai. Ba a kwarara wa parke ruwa kamar karo, wato tayil. Buta, randa, kaskon turaren wuta da murhun shayi, duk a ɗora su bisa faranti ko a bar su waje. Makewayi da madafa a bar wa karo. Parke na ɗakin kwana ne da falo.