Kerbal Space Program: gem ɗin da ya sa 'yan gem suka gane yadda roket ke zama a sama

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Bari in fara da tambaya. Tashar nan ta sararin samaniya da ake kira ISS, wadda ke can sama kusan kilomita 400 daga ƙasa, me ya hana ta faɗowa? Yawancinmu za mu ce ai can babu nauyi, ƙasa ba ta jan komai. Toh ba haka bane. A wannan tsayin ƙasa tana jan ta da kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da take jan mu da shi nan. Faɗowa tashar take yi dare da rana, sai dai tana tsala gudu ta gefe, wajen kilomita 28,000 a awa, kafin ta iso ƙasa, ƙasar ta riga ta lanƙwashe a ƙarƙashinta. Kamar ka jefa dutse ne, duk ƙarfin da ka ƙara sai ya ƙara nisa kafin ya sauka, har a kai ƙarfin da zai zagaye duniya bai taɓa ƙasa ba. Shikenan. Duk kusan minti 90 tashar ta kewaye duniya sau ɗaya.

Wannan maganar ana karanta ta a littafi a haddace a ci jarrabawa a manta. Amma akwai ɗimbin mutane a duniya da ba su karanta injiniyanci ba, kuma abin ya shige musu kai sosai, saboda wani gem na kwamfuta mai suna Kerbal Space Program.

Wani kamfani ne a birnin Meziko mai suna Squad ya yi shi, kuma asalinsu ma ba 'yan gem bane, harkar talla suke yi. Ma'aikacinsu Felipe Falanghe shi ya kawo shawarar, aka fara sakin gem ɗin a 2011, cikakkensa ya fito a Afrilun 2015. A ciki za a baka wasu ƙananan halittu koraye masu manyan idanu, su Jebediah da Bill da Bob, daga baya aka ƙara Valentina, wadda ta ci sunan Valentina Tereshkova, mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1963. Duniyarsu Kerbin take, suna da wata guda biyu, Mun da Minmus. Kai kuma za a zube maka tankunan mai da injina da fukafukai a ce haɗa roket ɗinka ka tashi.

Kalli abin da kusan kowane sabon shiga ke yi. Ya haɗa roket, ya danna, ya miƙe sama ɗoɗar, ya wuce kilomita 70 inda iskar Kerbin ta ƙare, murna ta kama shi wai ya isa, can sai mai ya ƙare roket ya juyo ya dawo ƙasa kamar yadda ya tafi. A nan ne mutum zai gane cewa hawa sama shi ne ƙaramin aikin. Dole tun kana ƙasa-ƙasa ka fara karkata gabas kaɗan-kaɗan har ka kwanta, ka tara gudun gefe wajen mita 2,300 a sakan, sannan za ka ga layin hanyarka a taswirar gem ɗin ya haɗe ya zama zobe. Gabas ɗin ma da dalili, can duniya ke juyawa, sai ta ɗan taimaka maka da nata gudun kyauta. Kerbin ƙarama ce da gangan, daga tsakiyarta zuwa doronta kilomita 600 ne kacal, tamu kuwa ta haura 6,300, shi ya sa a zahiri sai ka nemi kusan mita 7,800 a sakan.

Sai matsalar mai. Ka ƙara tanki don ka yi nisa, tankin ya ƙara nauyi, nauyin ya buƙaci ƙarin mai. Wani malamin makaranta ɗan Rasha, Konstantin Tsiolkovsky, ya fitar da lissafin wannan tun 1903, kuma maganinsa shi ne a yi roket hawa-hawa, duk tankin da ya ƙare a yar da shi. Saturn V da ya kai mutane wata a 1969 hawa uku ne.

Amma inda nake so ku natsu shi ne haɗa jirgi biyu a sama, don wallahi nan ne abin ke ɗaure kai. Abokinka yana gabanka a zobe ɗaya, kana ganinsa, hankali zai ce maka taka wuta ka kamo shi. In ka taka, zobenka zai faɗaɗa, ka haura sama, wanda ke sama kuma tafiyarsa ta fi tsawo kuma ta fi nawa, sai kaga abokin yana ƙara yi maka nisa. In kana son kamo shi sai ka juya injin ka rage gudu, ka sauko zobe na ƙasa wanda ya fi gajarta da sauri, ka matso kusa da shi ta ƙasa, sannan ka hau ku haɗu. Kuma fa ba 'yan gem kaɗai abin ya rikita ba. A Yunin 1965, Jim McDivitt na jirgin Gemini 4 ya yi ta ƙoƙarin matsawa kusa da ragowar roket ɗin da ya kawo su, yana nufarsa kai tsaye, ya ƙona mai da yawa bai samu ba. Sai a Disambar shekarar Gemini 6A da Gemini 7 suka yi nasarar matsowa dab da juna. Buzz Aldrin kuwa, mutum na biyu da ya taka wata, a kan wannan matsalar ya rubuta digirinsa na dakta a jami'ar MIT ta Amurka.

Toh ya aka yi yaro a ɗakinsa ya iya abin da ya ba NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, wahala? Masoyan gem ɗin ne suka koyar da juna. A farkon fitowarsa gem ɗin bai cika yi maka bayani ba, sai mutane irin su Scott Manley, ɗan Sikotlan da ya karanta ilimin taurari, suka dinga yin bidiyo a YouTube suna nuna komai dalla-dalla. Wasu suka zana taswirar delta-v, wato lissafin yawan gudun da roket ɗinka zai iya canzawa kafin mai ya ƙare, daga Kerbin zuwa Mun nawa, zuwa Duna, wata duniyar cikin gem ɗin, nawa. Wasu kuma suka rubuta ƙarin manhajoji kyauta, irin su MechJeb mai tuƙa maka jirgi, da Kerbal Engineer mai nuna maka lissafi, da Real Solar System wanda ke cire Kerbin ya sa maka ainihin duniyarmu da girmanta. Ni abin da ya fi burge ni da su, roket ɗinka in ya tarwatse ka nuna, da wuya kaga an kushe ka, tambayarka za a yi tsarin hawa-hawanka da inda nauyin ya taru.

Hukumomi ma sun lura. A 2014 NASA ta haɗa kai da masu gem ɗin aka saka aikin kamo dutsen sararin samaniya, a 2020 kuma hukumar Turai ta ESA ta shigo da roket ɗinta Ariane 5 da ayyukanta na binciken sararin samaniya Rosetta da BepiColombo.

Kuma abin bai yi nisa da mu ba. Dish ɗin da ke kan rufin gidanku, kun lura ba ya motsi? Tauraron ɗan adam ɗin da yake kallo yana can kilomita 35,786 a saitin tsakiyar duniya, inda zagaye ɗaya ke ɗaukar kusan kwana ɗaya, daidai da juyawar duniya, sai ya zama kamar a tsaye yake. A irin wannan zoben NigComSat-1R na Najeriya yake, wanda aka harba daga Chaina a Disambar 2011. A gem ɗin za ka iya kafa irinsa da hannunka a saman Kerbin.

Kashi na biyu na gem ɗin ya fito a Fabrairun 2023 bai kammala ba, a 2024 kuma aka rufe situdiyon da ke aikinsa, abin ya yi wa masoyan ciwo ƙwarai. Da yawansu na farkon suka koma, suna ta ƙara masa manhajoji har yau. Saboda haka in za ka gwada, na farkon zaka nema, ka fara da ƙaramin roket mai hawa biyu, kar ka manta da lemar sauka, kuma ka duba jerin hawa-hawanka sau biyu kafin ka danna tashi.