Me Ya Sa Masu Abin Hawa Iri Ɗaya Ke Ɗaga Wa Juna Hannu?

Ka taɓa lura da dattawa biyu masu basfa in sun yi kiciɓis a titin Gidan Zoo a Kano? Ba su san juna ba, amma sai ka ga ɗaya ya ɗan ɗaga hannu, ɗayan ya amsa da ka. Abin hawan ne ya haɗa su. A Amurka masu motocin Jeep Wrangler da Corvette sun yi suna a wannan gaisuwa, a Ingila kuwa masu tsohuwar Land Rover. Sharaɗin dai abin hawan ya zama ba kowa ke da irinsa ba. Da ɗan adaidaita sahu zai ɗaga wa kowane ɗan'uwansa, ai hannunsa ba zai sauka ba daga Ƙofar Nassarawa har Kantin Kwari.

To, da wane hannu? A gida gaisuwa da hagu rashin tarbiyya ce, amma a kan titi an yi mata uzuri. Tun 1972 da Nijeriya ta koma bin hannun dama, mai tahowa ta hagunka yake wucewa. A kan babur kuma totur da birkin gaba suna hannun dama. Ka saki, gudu ya faɗi nan take, na bayanka ya yi maka sama. Don haka masu manyan babura ke sauke yatsu biyu na hagu ƙasa-ƙasa, su mayar.

Mai basfa shi ya fi kowa buƙatar kula, don kuloci da giya duk suna hannunsa na hagu. Kana shirin sauya giya, ko kana cikin kwana, ko yashi ya kwanta a gefen kwalta? Gyaɗa kai ya wadatar. A mota, tafin hannu na kan sitiyari, yatsu biyu kawai za su tashi.

Kada ka waiwaya ganin ko an amsa. A gudun kilomita 50 a awa, daƙiƙa ɗaya kusan mita 14 ce ka ci ido rufe, alhali ga mai tura kura, ga yaro zai tsallaka.

Fitila kuma a bar ta. A titin Kano, in ka haska wa mutum babbar wuta, abin da zai fahimta shi ne "dakata, ni zan wuce", ko ya ɗauka hanya ka ba shi ya shigo. Da dare ma kashe masa ido za ka yi.